*FAMIN ƘWAƘWALWA: Dalilin da ya sa buguwar kai ta biyu ta fi ta farko illa*

Bismillahir Rahmanir Rahim.

 

Darasinmu na yau ya taso ne daga tambayar wata baiwar Allah daga yankin Hunkuyi. Ɗanta ɗan acaɓa ne. Ya faɗi da babur ranar Asabar, kansa ya bugu da ƙasa, ya ɗan ga jiri, ya tashi ya kakkaɓe jiki ya ci gaba da aiki. Ranar Talata ya sake faɗuwa, kan ya sake buguwa. Babu jini, babu rotse, ko ƙululu bai fito sosai ba. Yau mako uku ke nan kai yana sara masa, hasken rana yana damunsa, hula ma idan ya sa sai ya ce tana masa zafi. Mahaifinsa ya ce raki ne da son jiki, maƙwabta kuma sun fara cewa a nemi maganin iska. Ita kuma tana tambaya: Malam, mene ne wannan?

Hajiya, Allah Ya ba shi lafiya. Amsar a taƙaice ita ce a kai shi asibiti likita ya duba shi, a kuma daina ce masa mai raki. Ga bayanin, saboda ke da sauran iyaye.

*KAI NA IYA JIN RAUNI BA TARE DA JINI BA*

Duk wanda ya karanta Risala a zaure ya san yadda malaman fiƙihu suka kasa raunukan kai. Akwai wanda ya tone har ƙashi ya bayyana, diyyarsa raƙuma 5. Akwai wanda ya kai har ga ƙwaƙwalwa, diyyarsa sulusin cikakkiyar diyya. Waɗannan duk raunuka ne da ido ke gani.

Akwai kuma wanda ido ba ya gani. Ƙwaƙwalwa abu ce mai taushi, tana zaune cikin ruwa a cikin ƙoƙon kai. Idan kai ya bugu, ko ya fizgu da ƙarfi, sai ta girgiza ta daki bangon ƙoƙon. Siraran jijiyoyin cikinta su miƙe fiye da ƙima, aikinsu ya rikice na ɗan lokaci. Shi ne mutum zai ga duhu ko taurari, ko jiri, ko ya manta abin da ya faru. Akasarin masu irin wannan rauni ba sa ma suma, kuma sau da yawa ko an yi hoton kai ba a ganin komai. Masu tarihin likitanci suna ambaton likitan Musulmi Abubakar Ar-Razi, wanda ya rasu wajen shekara ta 925 miladiyya, a matsayin wanda ya fara bambanta wannan girgiza da raunin da ke lalata ƙwaƙwalwa.

A ƙasarmu ta Ikara, Makarfi da Kudan hanyoyin samun irin wannan bugu suna da yawa: faɗuwa da babur a hanyar gona ko a Tashar Yari, sulluɓowa daga saman motar rake ko ta kwandunan tumatir, faɗowar yaro daga bishiyar mangwaro, tunkuyin sa ko rago, karo da kai a filin ƙwallo, da damben kaka.

*ABIN DA AKA GANI A JIKIN ƁERAYE*

Ba a iya buɗe kan mutum mai rai don a ga abin da ke gudana bayan ƙaramin bugu. Shi ya sa masana suke gwaji da ɓerayen ɗakin bincike. Sukan sa musu maganin barci, a yi musu bugu mai sauƙi wanda aka auna ƙarfinsa, sannan a bi su kwana da kwanaki ana lura.

To ta yaya ake sanin ɓera yana jin zafi, tunda ba ya magana? Akwai wasu siraran zarurruka kamar gashin jelar doki, kowanne da nauyin da yake dannawa. Ana kiransu da sunan masanin da ya ƙirƙiro dabarar tun ƙarshen ƙarni na 19, Max von Frey. Sai a taɓa goshin ɓeran da su. Lafiyayyen ɓera ba ya kula ƙaramin zare. Wanda ya bugu kuwa, da an taɓa shi da zaren da bai kai ya kawo ba sai ya zabura ya janye kai. Abin da a da taɓawa ce kawai, yanzu ya koma zafi.

Ga abubuwa huɗu da aka gano:

*1. Bugu a jere ya fi bugu ɗaya.* A shekara ta 2017 masu bincike a Jami'ar Thomas Jefferson da ke Filadelfiya a Amurka sun kwatanta ɓerayen da aka buga sau ɗaya da waɗanda aka maimaita wa bugun kusa da kusa. Waɗanda aka maimaita wa sun fi saurin jin zafi a fuska. Da aka duba gindin ƙwaƙwalwarsu, wurin da jijiyar fuska da kai ke kai saƙo, sai aka tarar da alamun kumburi, da ƙaruwar wani sinadarin isar da saƙon zafi mai suna CGRP. Wannan sinadari shi ne dai wanda aka sani da hannu dumu-dumu a ciwon ɓarin kai.

*2. Tazara tana da muhimmanci.* A 2005, a wannan birni dai, wasu masanan sun yi wa ɓeraye bugu na biyu bayan kwana 3, ko 5, ko 7. Waɗanda aka sake bugawa bayan kwana 3 ko 5 sun samu matsalar koyo da tuna hanya. Waɗanda aka bari har kwana 7 ba su nuna wannan matsalar ba. A 2012 wani bincike a Boston ya zo da makamancin haka: ɓerayen da ake bugawa kullum ko mako-mako sun samu illa, waɗanda aka ba tazarar wata guda kuwa sun yi kusan daidai da lafiyayyu.

*3. Ciwon na iya lafawa alhali bai tafi ba.* A 2019 masana a Jami'ar Arizona sun ga zafin ɓerayen ya kwanta bayan kamar mako biyu. Sai suka takura musu da haske mai ƙarfi. Waɗanda suka taɓa buguwa, zafin ya dawo musu sabo. Waɗanda ba su taɓa buguwa ba, hasken bai jawo musu haka ba. Kuma maganin da ke toshe CGRP ya yi aiki ne idan an fara shi da wuri, da aka makara bai hana dawowar zafin ba.

*4. Zafin ba ya tsayawa a kai kaɗai.* A wasu gwaje-gwajen an ga har tafin ƙafar ɓeran ta baya, wadda ko taɓa ta bugun bai yi ba, ta koma mai saurin jin zafi. Dalili shi ne Allah Ya halicci ƙwaƙwalwa da wata hanya ta rage ƙarfin saƙon zafi kafin ya iso, kamar birki a mota. Bugun kai yana iya raunana wannan birki.

*WANE IRIN KUMBURI NE?*

Idan an ce kumburi, kada a ɗauka irin na ƙululu ne da za a shafa a ji. A cikin ƙwaƙwalwa akwai wasu ƙananan ƙwayoyin halitta masu gadi, masana na kiransu maikurogiliya. Ku ɗauke su kamar 'yan sintirin unguwa. A zaman lafiya suna zagaye ne shiru, suna share datti. Ranar da aka yi sata sai su tashi tsaye, su hura usur, su tara jama'a. Wannan tashin nasu alheri ne, da shi ake gyara ɓarna. Idan aka samu kwanaki lafiya sai hankalinsu ya kwanta.

Amma a ce ba su gama hucewa ba aka sake yin wata satar. Yanzu kam duk wanda ya gifta sai ya sha sanda, har mai zuwa masallaci da asuba. Haka ƙwayoyin nan suke yi: bugu na biyu ya same su a fusace, sai su zubo sinadaran kumburi fiye da buƙata, jijiyoyin da ke kusa su koma masu zabura da abu kaɗan. Daga nan sai sa hula, ɗaurin ɗankwali, kitso, taje kai, ƙarar injin niƙa ko hasken waya su zama azaba.

Bahaushe yana da kalmar da ta dace da wannan sarai, wato *fami*. Kowa ya san zafin tuntuɓe daban, zafin fama yatsan da bai warke ba daban. Abin da ya samu yaron Hajiya ranar Talata ya yi kama da fami, sai dai a ƙwaƙwalwa.

A lura: ɓera ba mutum ba ne. Kwana 7 na ɓera ba shi ne kwana 7 na ɗan Adam ba, kada wani ya ƙirga mako guda ya ce ya warke. Darasin da likitoci suka ɗauka shi ne akwai wasu kwanaki bayan bugu da ƙwaƙwalwa take da rauni, kuma abin da ake gani a jikin mutane ya yi daidai da haka. Albishir kuma shi ne mafi yawan mutane suna warkewa sarai cikin mako biyu zuwa wata guda idan an kiyaye.

Masu shan bugu shekara da shekaru kuwa, nasu ya fi haka. Tun 1928 likita Harrison Martland ya yi rubutu kan 'yan damben Turawa da ke komawa suna tangaɗi da rawar jiki da rikicewar tunani. A 2002 kuma Dokta Bennet Omalu, ɗan asalin jihar Anambra, ya gano irin wannan lalacewa a ƙwaƙwalwar wani tsohon ɗan ƙwallon Amurka, ya wallafa a 2005. 'Yan dambenmu da masu ɗaure musu gindi, a yi tunani. Wanda aka kayar yau, bai kamata a ga ya ɗaure hannu gobe ba.

*ABIN DA ADDINI YA KOYA MANA*

Abu Dawud ya ruwaito daga Jabir (RA) labarin wani mutum da dutse ya fasa wa kai a cikin tafiya. Da dare sai wanka ya wajaba a kansa. Ya tambayi abokan tafiya ko yana da sauƙin yin taimama, suka ce ba su ga yana da shi ba tunda ga ruwa. Ya yi wanka, ya rasu. Da labari ya kai ga Manzon Allah (SAW) ya yi fushi ƙwarai, ya ɗora musu alhakin mutuwarsa, ya kuma nuna cewa wanda bai sani ba tambaya ce ta kamace shi. Jama'a, mu ji tsoron Allah wajen yanke wa mai raunin kai hukunci da ka. Kalmar "tashi, ba komai" ta sha kai mutane ga halaka.

A ranar Uhudu Annabi (SAW) yana sanye da kwalkwali, har aka fasa shi a kansa mai albarka, Nana Faɗima (RA) ta ƙona tabarma ta sa tokar jinin ya tsaya. Ranar buɗe Makka ma da kwalkwali a kansa ya shiga. Shugaban masu tawakkali ke nan ya kare kansa. To ina hujjar mai cewa hular kwano rashin tawakkali ce? Da aka fara tilasta sa ta a Najeriya a Janairun 2009, har ƙwarya wasu suka riƙa kifawa a ka don su tsere wa jami'ai. Alhali nazarin da ya tattara bincike masu yawa ya nuna hular kwano tana rage raunin kai da kusan kashi 69 cikin 100, tana rage mutuwa da kusan kashi 42.

Haka kuma Bukhari da Muslim sun ruwaito hanin dukan fuska. Iyaye da malaman makaranta, mari mai ƙarfi, gwara kan yaro da bango, ko jijjiga jariri don ya yi shiru, duk suna iya taɓa ƙwaƙwalwa. Jijjiga jariri kam tana iya kisa.

*ALAMUN DA BA A JIRA: A TAFI ASIBITI NAN TAKE*

• Suma, ko da ta ɗan lokaci ce
• Amai fiye da sau ɗaya
• Ciwon kai da ke ƙaruwa maimakon raguwa
• Barci mai nauyi da ake tashinsa da ƙyar
• Rikicewa, sambatu, ko rashin gane mutane
• Jijjiga irin ta farfaɗiya
• Mutuwar hannu ko ƙafa, karkacewar baki, ko harɗewar harshe
• Jini ko farin ruwa daga kunne ko hanci
• Gani biyu-biyu, ko ƙwayar ido ɗaya ta fi ɗaya buɗewa
• Ciwon wuya mai tsanani
• Jariri ya ƙi mama, ko kuka ba ƙaƙƙautawa, ko maɗigarsa ta kumbura

A fara da babban asibitin da ya fi kusa, na Ikara, na Makarfi ko na Hunkuyi. Idan ana buƙatar hoton kai na CT ko likitan ƙwaƙwalwa za su tura Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Wanda ya suma kada a ɗura masa ruwa ko rubutu a baki, zai iya shaƙewa. Idan ana zargin wuya ya taɓu, kada a ciccibe shi a ɗora a babur, a riƙe kai da wuya a miƙe a nemi mota.

Tsofaffi da masu shan maganin tsinka jini, a kai su asibiti ko bugun ƙarami ne. Dattijo na iya faɗuwa a banɗaki yau, sai bayan makonni jini ya taru a hankali a cikin kai, a ga ya fara mantuwa da jan ƙafa a ce tsufa ne. Wannan ana yin aikinsa a warke da iznin Allah.

*KULA A GIDA IDAN BABU WAƊANCAN ALAMU*

1. Ranar da aka bugu an gama aiki, an gama wasa. Ba hawa babur, ba tuƙi, ba komawa fili.
2. Wani babba ya zauna tare da shi awa 24 na farko. A bar shi ya yi barci, amma a riƙa leƙa shi.
3. Kwana ɗaya zuwa biyu na farko a huta, a rage kallon waya da talabijin. Bayan nan a fara ɗan tattaki da ƙananan hidimomi. Kulle mutum a ɗaki mai duhu mako guda ba ya ƙara sauƙi.
4. A ƙara aiki kaɗan-kaɗan. Idan ciwon ya taso sosai a ja baya, gobe a sake gwadawa.
5. Duk abin da zai iya jawo wani bugun, acaɓa, lodin rake, hawa bishiya ko gini, ƙwallo, dambe, kokawa, a bar shi sai alamu sun tafi gaba ɗaya kuma ma'aikacin lafiya ya amince.
6. Don ciwon kai a sha farasitamol. Babba kada ya wuce ƙwaya 8 masu miligiram 500 a awa 24. A guji asfirin, ibufurofen da diklofenak a ranakun farko sai da izinin likita, domin suna iya ƙara zubar jini.
7. Tiramadol da kodin a nisance su. Suna ɓoye alamun hatsari, ga kuma kama mutum.
8. Kada a mai da maganin ciwon kai abincin kullum. Shan sa kwana 15 ko fiye a wata, wata bayan wata, shi kansa yana haifar da wani ciwon kan.
9. Idan sujada tana tayar da jiri ko sarawar kai, addini ya yi sauƙi. Hadisin Imrana bin Husaini (RA) a Bukhari ya ba mara lafiya damar salla a zaune, in bai iya ba a kwance.
10. Ɗalibi a sanar da malamansa, na boko da na allo, a rage masa nauyi na 'yan kwanaki.

*ADDU'A, ƘAHO DA SAURAN MAGUNGUNANMU*

A dage da addu'a. Muslim ya ruwaito yadda Annabi (SAW) ya koya wa Usman bin Abil As (RA) ya ɗora hannu a inda ke masa ciwo, ya ambaci sunan Allah sau uku, ya nemi tsari sau bakwai. A yi wannan safe da yamma, a haɗa da zuwa asibiti. Zuma, dabino da habbatus sauda a ci su cikin abinci yadda aka saba, amma ba sa tsayar da jinin da ke taruwa a cikin kai, kuma ba sa maye gurbin hutu.

Ya tabbata a Bukhari cewa Annabi (SAW) ya yi ƙaho a kansa saboda ciwon ɓarin kai. Sai dai ciwon kan da ya biyo bayan bugu sha'aninsa daban, domin mai yiwuwa akwai tsagewar ƙashi ko jini a ciki. Kada a kai wa wanzami sabon bugu, sai likita ya duba ya tabbatar. Kunnen da ke zubar ruwa ko jini kuma, kada a ɗiga masa man zaitun ko wani abu, kada a toshe shi.

*KOMAWA GA TAMBAYAR HAJIYA*

Hajiya, ciwon kan da ya fara cikin kwana 7 bayan bugu, likitoci suna lissafa shi cikin ciwon bugun ne. Naku ya kai mako uku, ga bugu biyu a tsakanin kwana uku, don haka a je asibiti cikin makon nan, a faɗa wa likita ranakun faɗuwar duka biyu, da duk maganin da ya sha daga kemis. Idan ciwo irin wannan ya wuce wata uku yana zama mai naci, maganinsa ya ƙara wuya, shi ya sa ba a son jinkiri.

Mun san babur ɗin nan shi ne cefanen gida, wataƙila ma akwai balas da ake kai wa mai shi kullum. Ajiye shi ba ƙaramin abu ba ne. A zauna da mai babur a yi masa bayani, ko wani ɗan uwa ya riƙe aikin na ɗan lokaci. Mai jiri a kan babur, faɗuwa ta uku tana kusa da shi, ga kuma ran fasinjan da ya ɗauko. Shi kuma Alhaji a lallashe shi a karanta masa wannan saƙo. Yaron da hula ke yi wa zafi ba ƙarya yake ba, jijiyoyinsa ne suke a fusace, kuma da kulawa za su huce in sha Allahu.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Ya tsare mana 'ya'yanmu a kan hanya da wurin nema. Amin.

A tura wa 'yan uwa, musamman masu 'ya'ya 'yan acaɓa, shugabannin tasha, masu horar da 'yan ƙwallo da malaman makaranta.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.